Surukina a Madubin Hagu

A shekarar da ofishin da nake yi wa aikin fassara a unguwar Bani Malik ta Jidda ya rufe, iƙamata, wato takardar izinin zama, tana gab da ƙarewa. Zaɓi biyu ne a gabana: ko in sami sabon kafili, wato ubangidan da zai tsaya mini a kan takardar, ya karɓe ni, ko in tattara kayana in koma Kano. Ni dai komawa gida ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Amma matata a Jidda aka haife ta, iyayenta Hausawan Sudan ne, ƙafarta ba ta taɓa taka Nijeriya ba, izinin zamanta yana rataye da nawa, kuma a lokacin cikinta na fari ya fara nauyi. Duk safiya sai in tarar da ita a tagar ɗakinmu na Madain Fahd tana kallon gidan iyayenta da ke ƙarshen layi.

Surukina ne ya samo mafita. Ya daɗe yana tuƙa wani ɗan kasuwa Bahijaze, tun yaran gidan suna makarantar firamare har suka yi aure. Sai ciwon suga ya kama shi, tafin ƙafarsa ta dama ya daina jin totur da birki, likita ya hana shi tuƙi. Ya je wa maigidan nasa da maganata. Maigidan ya ce ba ya shakkar mutumin da surukina ya kawo, kuma tuƙin cikin gari kowa ya iya. Sharaɗinsa ɗaya ne: karafan.

Karafan ɗaki ne mai tayoyi, da gado da banɗaki da ɗan wurin girki a ciki. Ya saye shi saboda mahaifiyarsa, wadda gwiwoyinta suka daina yarda da zaman ƙasa, amma ba ta yarda a tafi bakin teku a bar ta a gida ba. Nasa babba ne ƙwarai. Gabansa yana hawa kan bayan wanet, wato motar ɗaukar kaya, inda wata ƙusa mai kauri take shiga cikin wani faifan ƙarfe da direbobi ke kira siniya. Da sanyi ya shigo, iyalin sukan kama fili a wani sansani a kudancin Jidda, su riƙa kwana can duk ƙarshen mako. Ƙofar filin ƙarama ce, kuma dole a shigar da karafan ɗin da baya, domin ƙofarsa ta fuskanci ɓangaren mata, jikinsa kuma ya tare su daga idon maza. Surukina ya yi wannan aikin a sanyin da ya wuce. Idan na iya shi a fitar farko ta bana, za a mayar da kafalata kan kamfanin maigidan. Idan ban iya ba, akwai wani direban tirela da aka yi masa magana.

Na karɓi sharaɗin cikin natsuwa, domin ina da lasisi, kuma ban taɓa ko goge motar wani ba. Ban san cewa baya da karafan wani fanni ne dabam ba.

Ana ajiye shi a wani fili a Kurayyat, cikin manyan motoci. Can muka riƙa zuwa da safe, ni da surukina. Ya jera jarkokin roba a matsayin ƙofar sansani, ya tsaya daga nesa da ni kaɗan, idonsa a ƙasa, ya yi mini bayani. Ya ce in ɗora hannuna a ƙasan sitiyari, duk inda nake son gindin karafan ya nufa, in kai hannun can. Ya ce wannan irin ba ya amsawa da wuri. Zan murɗa in ga kamar bai ji ba, in ƙara murɗawa, sai ya karye gaba ɗaya lokaci guda. Ya ce in sa ido a kan tayoyinsa, domin a kansu yake juyawa. Ya kuma nuna mini kusurwar gabansa, wadda idan aka karya da yawa takan daki gilashin bayan wanet. Bayanin ya fita sarai, ban sami abin tambaya a cikinsa ba.

Matsalar ta taso ne da na hau kujera, shi kuma ya koma baya domin ya yi mini jagora.

Mai baya da irin wannan kaya ba ya ganin rabin abin da ke bayansa. Idonsa shi ne mutumin da ke tsaye a ƙasa, kuma dole ya zuba masa ido a madubi, ba ƙiftawa. To, tun ranar da aka ɗaura mini aure ban taɓa duban fuskar surukina kai tsaye ba. A tsugune nake gaishe shi. Ba na cin abinci a gabansa, shi ma ba ya ci a gabana. Shi kuma, duk da shekarun da danginsa suka yi tsakanin Sudan da Hijaz, ya riƙe wannan kunyar fiye da mutanen da na baro a gida. Bai taɓa ambatar sunana ba. Malam yake ce mini, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman alfarma.

Na sa giyar baya, na ɗaga ido zuwa madubin hagu, sai ga fuskarsa cike da madubin. Idanunmu suka haɗu. Ni na sunkuyar da kai, shi ya kau da fuska ya dubi katanga. Karafan kuwa yana ta tafiya. Da na sake ɗagowa, jarka ɗaya ta riga ta shige ƙarƙashin taya.

Haka muka yi ta yi. Hannunsa, da ya kamata ya ɗaga sama ya kaɗa, sai ya riƙe shi daidai cibiya yana motsa yatsu kamar mai jan carbi. In ya ga zan yi ɓarna, maimakon kalma ɗaya, sai ya fara gina jimla:

"Malam, da za ka ɗan dakata haka nan, ina ganin kamar zai fi..."

Kafin ya kai ƙarshe an ji ƙarar. Wata safiya gindin karafan ya ture wata tsohuwar ganga, fitilar baya ta tsage. Na sauko na tsuguna.

"Baba, laifina ne."

"A'a, Malam, gangar ce aka ajiye ba a wurinta ba."

Direbobin filin, 'yan Yaman da 'yan Sudan, sun mai da mu abin kallo lokacin shan shayinsu. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni, da gaske yake ko da wasa ban sani ba, ko dattijon nan limami ne aka haɗa ni da shi.

Da na ba matata labari, dariya ta yi har ta riƙe cikinta. Hausarta rabi ce, rabi Larabci, abin da a farkon aurenmu nakan yi ta gyarawa, har na gaji na bari.

"Ya ustaz, wallahi ku biyun nan mushkila ne. Abuya fa? Abuya da in ya yi wa direba tsawa a sha-tale-tale ana ji a layi na uku? Shi ne yake ce maka da za ka ɗan dakata?"

"Surukina ne. Akwai ladabi."

"Ladabin zai biya kuɗin fitila? Ka kalle shi mana, ba cinye ka zai yi ba. Ko ni in zo in tsaya muku."

Ta kai wa mahaifinta wannan shawarar da kanta. Ya ce mace mai ciki ba ta tsayawa a bayan mota cikin direbobi, ya rufe maganar. Ta ce to ya daina jin kunyata. Ya ce mata ba ta da hankali, ya tashi ya tafi masallaci.

Sai na koma zuwa filin ni kaɗai da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa. In ja baya kaɗan, in taka birki, in sauka in zagaya in duba, in hau, in sake. Rigata takan jiƙe sharkaf. A hankali hannuna ya fara gane lokacin da karafan zai karye, ya koyi sakin sitiyari kafin lokacin ya zo. Na gane cewa ja gaba a sake daidaitawa ba abin kunya ba ne, rabin aikin ke nan. Na kai ga ina shigar da shi tsakanin jarkoki ba tare da na taɓa ko ɗaya ba. Amma ƙasar filin mai tauri ce, kuma babu mai jirana. Ɓangaren dama kuwa, da zarar karafan ya karye, madubi ba ya nuna mini komai sai farin bangonsa.

Ranar fita ta zo, wata Alhamis bayan azahar. Na ja karafan daga Kurayyat muka nufi kudu, surukina yana gefena yana kallon taga, ni ina kallon hanya. Tafiya gaba ba ta da wahala, sai dai a buɗe kwana da kyau. Iyalin sun riga mu isa a motocinsu.

Da na ga wurin, na san ba irin filin Kurayyat ba ne. Hanyar da ke ratsa sansanin ba ta fi faɗin mota biyu ba, yashi ne a kan tsakuwa. A hagun ƙofa akwai ginshiƙin siminti. A dama akwai tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe, bayansa kuma igiyoyin labulen maƙwabta. Maigidan yana zaune a kan darduma da ƙannensa, ana zuba gahawa. Mahaifiyarsa tana cikin mota da gilashi a buɗe, tana jiran a shigar mata da ɗakinta ta miƙe ƙafa. Motoci biyu sun tsaya a bayanmu suna jiran hanya.

Maigidan ya ɗago ɗan kofinsa ya ce, "Yalla, bismillah."

Na wuce ƙofar, na karkata kan wanet, na sa giyar baya. Surukina ya tsaya a inda zai ga tanki, ni kuma in gan shi. Na duba madubi, na ga fuskarsa, idona ya sauka da kansa kan sitiyari. Na makara wajen murɗawa, gindin ya wuce ƙofa ya nufi ginshiƙi. Na ja gaba. A karo na biyu na murɗa da wuri, karafan ya karye fiye da kima, na ji wani daga cikin ƙannen maigidan ya yi ihu yana nuna gilashin bayana. Kusurwar ta tsaya dab da shi, ko tafin hannu ba zai shiga tsakani ba. Na sake ja gaba.

Ɗaya daga cikin masu jiran hanya ya danna ham. Wani saurayi daga filin maƙwabta ya matso taga ya ce in sauka ya shigar mini, ba komai ba ne. Na gode masa, ban sauka ba. Na saci kallon maigidan. Ya ajiye kofinsa, yana duba wayarsa, kuma na san lambar wa yake iya nema. Tsohuwar ta leƙo ta ce wa ɗanta da ƙarfi, wai yau a nan za ta kwana ne?

Daidai lokacin iskar teku ta taso, irin wadda takan zo da yamma ta kwashi yashi ta watsa wa mutum a ido. Labulen maƙwabta ya hau kaɗawa. Surukina ya kama gefen jan rawaninsa na shumag ya naɗe baki da hanci, ya zaro baƙin tabarau daga aljihu ya saka.

Na duba madubi. Babu fuska a ciki. Akwai wani mutum mai farar riga da jan ƙyalle, kamar kowane mutum a bakin hanya. Na ga ina iya kallonsa, kuma idona bai sauka ba.

Na fara ja baya. Hannunsa har yanzu yana ƙasa, amma ina ganinsa. Tayoyin hagu suka zagaye ginshiƙi da kyau, gindin ya shiga ƙofa, madubin dama ya cika da farin bango. Zuciyata ta ce an gama, ƙafata ta ɗan saki birki. Ban san cewa kusurwar sama ta dama ta nufi tankin ruwa ba. Na ga ya buɗe hannu, na ji farkon wata kalma, wataƙila Malam ce, iska ta tafi da ita. Sai wata murya da ban taɓa ji ba ta fasa sansanin:

"Waggif! Waggif, ya himar!"

Tsaya, jaki. Abin da ya ce ke nan, da Larabcin titi, a gaban maigidansa da ƙannen maigidansa da tsohuwa da maƙwabta. Ƙafata ta daki birki kafin kunnena ya gama fassarawa. Wanet ya girgiza, siniya ta yi ƙara, komai ya tsaya cik.

Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokacin ba. Ni da nake ganin babu abin da ya kai magana mai tsari daraja, ga shi zagi ya zo mini kamar ruwan sanyi a tsakar rana. A karo na farko tun da muka fara, wani yana faɗa mini abin da ke bayana a lokacin da yake faruwa.

Daga nan bai koma Hausa ba. Hannuwansa biyu suka tashi sama. Ya kaɗa ni gaba, na ja gaba. Ya murɗa hannu a iska, na murɗa sitiyari. "Ta'al, ta'al," wato taho, na taho. "Kaman!" Na ƙara. Ya ruga ɓangaren tanki da ƙafarsa mai ciwo, ya leƙa, ya dawo cikin madubi yana masifa, wai wa ya koya mini tuƙi, wai ko makaho ne ya ba ni lasisi. Na leƙa ta taga, ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, ni ma da Larabci, na ce ya tsaya inda zan gan shi, ya daina ɓacewa. Ya ce to in buɗe idona. Tayar baya ta fara nutsewa a yashi, ya ce kada in kuskura in tsaya, in taka a hankali. Na taka. "Addil!" Na miƙe sitiyari. Karafan ya bi layi, ya shige tsakanin ginshiƙi da tanki sumul, igiyoyin maƙwabta ko motsi ba su yi ba. Ya dunƙule hannu ya ɗaga.

"Bas!"

Na ja birkin hannu, na kashe injin. Masu jiran hanya suka wuce, ɗaya yana tafa mini ta taga. Na ɗan zauna ina sauraron iska tana dukan gilashi.

Da na sauko, na zagaya na duba. Ƙofar karafan tana fuskantar ɓangaren mata daidai, har an fara shimfiɗa darduma a gabanta. Tsakanin kusurwarsa da tanki akwai ɗan sarari da kyanwa za ta iya bi. Jikokin tsohuwar mata sun riƙo ta suna kai ta ciki, tana cewa dama haka aka yi tun farko.

Maigidan yana dariya har yana share hawaye da gefen rawaninsa. Ya ce wa surukina da Larabci, shekara da shekaru yana jin yana zagin direbobin duniya, bai taɓa zaton zai kai ga mijin 'yarsa ba. Surukina kuwa ya koma wajen karafan. Ya riga ya kwance rawanin, ya cire tabarau, ya juya mana baya yana sa katakai a ƙarƙashin tayoyi, aikin da nawa ne. Na je na tsuguna a gefensa na karɓi katakon, idona a ƙasa. Na cusa shi a ƙarƙashin taya. Sannan ya yi gyaran murya, ya koma muryarsa ta kullum.

"Malam, iskar nan ce. Mutum ba ya jin abin da yake faɗa."

"Iska kam ta yi ƙarfi, Baba. Ni ban ji komai ba."

"To, madalla. Sannu da ƙoƙari."

Ya tashi ya nufi bakin ruwa, wai zai yi alwala, alhali ga tanki a kusa.

Maigidan ya kira ni, ya sa aka zuba mini gahawa. Ya tambaye ni ko zan iya fitar da shi ranar Asabar ba tare da na tafi da tankin mutane ba. Na ce fita gaba ce, in sha Allahu ba matsala. Ya ce sauran makonni fa, wa zai tsaya mini? Na dubi inda surukina yake tsaye, can nesa, ya naɗe ƙafar wando yana kallon teku. Na ce idan Baba ya yarda, shi nake so. Maigidan ya ce dama ba ya son dattijon ya zauna a gida, zaman gida yana kashe direba.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Ranar Lahadi ka zo ofis da fasfo, a yi maganar kafala."

Na koma bayan wanet inda ba kowa, na kira matata. Ta ɗauka tun kafin wayar ta gama ƙara ɗaya.

"Ya shiga?"

"Ya shiga. Ranar Lahadi za a mayar da kafala."

Na ji numfashinta ya canza, na ji tana kiran mahaifiyarta, ashe tana gidansu tun safe. Muryoyin mata suka cika wayar da hamdala. Da ta dawo kan layi, sai ta tambaya yadda aka yi muka iya, mu biyun nan. Na ce mata Baba ya yi mini jagora yadda ya kamata, cikin taƙaitattun kalmomi. Ta ce waɗanne kalmomi? Na ce ba za su maimaitu a waya ba, kuma ana kirana in sauke ƙafafun karafan kafin tsohuwa ta fara yawo a ciki.